Tafkunan da Bahago Ya Zana

A ofishin safiyo Guguwa ake ce masa, kuma sunan ya biyo shi har gida, har bayan ya yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin zane yana fitar da taswira, kuma a zamaninsa babu wanda ya kama ƙafarsa wajen sauri. Fallen da wani zai kwana uku a kansa, shi kafin a tashi aiki ya busar da tawada ya naɗe, har ya samu sararin zagaya teburan mutane yana tsokanarsu. Yanzu tsufa ya zo, gwiwa ta fara gardama, amma har gobe in aka ce Guguwa sai ka ga ya ɗan gyara zama.

Ranar Asabar da hantsi autarsa ta dawo daga jami'a, kwamfuta a jaka, wani dogon naɗin takardu a hammata. Saura kwana tara ta tsaya gaban malamai ta kare kundin digirinta na uku, aikin shekara huɗu cur. Ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta wuce wajen firji.

"Auta, lafiya?" in ji uwar. "Ba gaisuwa, sai ƙanƙara?"

"Inna, ina zuwa. Baba, taso ka gani. Kullum kana cewa ba ka gane abin da nake karantawa. Yau sai ka gane."

Ta ja shi bayan gida, inda magina suka bar ragowar yashi tun gyaran katanga. Ta kwara wa yashin ruwa bokiti guda, ta sa guntun katako ta baje shi sumul, sannan ta ja da baya da ƙanƙara cike da kwano.

"Ka ɗauka wannan yashin ƙasa ce mai laushi," ta ce. "Shekaru dubbai da suka wuce, can nesa ta arewa, ƙanƙara ce ta rufe ƙasa, shimfiɗa guda, kaurinta ya fi tsayin tsauni. To wasu masana suna hasashen tauraruwa mai wutsiya ta faɗo a kan wannan shimfiɗar. Da ta doke ta, sai ɓaraguzan ƙanƙara suka yi sama, wani girmansa ya kai unguwa guda, suka je suka zubo a nesa. Kuma ba daga sama tsaye suka faɗo ba, a karkace suka zo. Duba."

Ta wurga ɗaya a karkace. Ya daki yashin ya bar rami mai ɗan tsawo, kamar an danna ƙwai a kwance. Ta sake wurga wani, da wani. Ramukan duka suka fito da siffa ɗaya, duka sun dubi inda take tsaye.

"Daga baya ƙanƙarar ta narke, ramin ya zama tafki. Ba dutse ba ne balle a tono a same shi."

"Wato ta yi ɓarna ta narke abinta, ba shaida," in ji Guguwa. "Ban taɓa jin ɓarawo mai wayon wannan ba."

"Shi ya sa da yawa daga cikin masana ba su yarda ba. Su cewa suke iska da ruwa ne suka sassaƙa tafkunan a hankali. Amma in aka samu tafkuna da yawa masu siffar ƙwai, duka sun dubi waje ɗaya, dole a tsaya a saurare ka."

"Ni dai a mayar min da kwanona," in ji uwar daga taga.

Guguwa ya yi dariya har da riƙe katanga. Daɗi ne ya cika shi, irin wanda uba ke ji in ya ga 'yarsa ta san abin da shi bai sani ba. A ransa ya gode wa Allah da ya ba shi ran ganin wannan rana.

A teburin cin abinci ta warware naɗin, ta danne kusurwoyin da kofuna. Tun kafin takardar ta gama kwanciya ya gane ta. Taswirar wani faffaɗan fili ce da ofishinsu ya zana shekara arba'in da suka wuce, daga hotunan da aka ɗauka ta jirgin sama. Ya kai yatsa ƙasan fallen, kusurwar dama, inda kowane mai zane ke sa 'yar lambarsa. Huɗu. Lambarsa ce.

"Na sani," ta ce, tana murmushi. "Da gangan na ɓoye maka. Baba, tafkunan nan yanzu babu su. An cike wasu an yi gonaki, an gina gidaje a kan wasu. Hotunan jirgin kuwa rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo a kansu, gara ta ƙarasa sauran. Taswirorin nan kaɗai suka rage a duniya da ke nuna yadda suke."

Ta buɗe kwamfuta ta nuna masa shafin farko na kundin. An rubuta: Ga babana, wanda hannunsa ya adana min waɗannan tafkuna. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, duk da ba abin da ya same su.

Sai ta danna wani shafin. Tafkuna ɗari biyu da goma sha ɗaya suka fito a jere, ta zagaye kowanne da jan layi. Kowanne siffar ƙwai ce tsaf, ba kumburi ba lotsawa, kuma kowanne ya karkata, kansa ya dubi kusurwar dama ta sama.

"Ka gani? Arewa maso gabas, dukansu. Kuma ga abin da ya fi burge farfesana, babi na huɗu ke nan. Girmansu kashi shida ne, ba a samun na tsakani. Ina ganin ƙanƙarar kashi shida ta farfashe."

Guguwa ya ƙura wa shafin ido. Hannunsa na hagu ne ya riga shi ganewa. Ya ga ya kwanta a kan tebur da kansa, yatsu a baje, a ɗan karkace, kamar yana danne wani abu. Ya janye shi ya sa a aljihu.

Abincin rana bai shiga ba. Da Auta ta shiga ɗaki ta ɗan kwanta, sai ya lallaɓa ɗakin tarkace, ya sauko da wani gwangwanin biskit daga saman kwaba. A ciki akwai tsofaffin alƙaluman zane, da kwalbar tawada da ta bushe ƙamas, da wata 'yar roba koriya shara-shara, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, an huda mata ramuka masu siffar ƙwai daga ƙarami zuwa babba. Bai buƙaci ƙirga su ba, amma ya ƙirga. Shida ne.

Shi ne ya fara kawo ta ɗakin zane. A lokacin aiki ya yi musu yawa, manya suna ta matsa lamba, ga filin nan cike da ƙananan tafkuna, kowanne da nasa lanƙwashe-lanƙwashen. Bin gefen tafki ɗaya ƙarƙashin gilashin ƙara girma sai ya cinye rabin awa. Sai ya ga ai tafki tafki ne, wa zai je ya auna? Ya zaɓi ramin da ya fi kusa da girman tafkin, ya ɗora, ya zagaya da alƙalami, an gama. Kafin wata ya ƙare kowa a ɗakin ya mallaki tasa, suna kiranta robar ƙwai. Kuma mai zane da hannun dama ba ya ajiye ta a miƙe. Hagu ke danne ta, a karkatar da ita don alƙalami ya ji daɗin zagayawa kuma hannu kada ya shafe ɗanyar tawada. Fallen kuwa kullum arewa ce a sama. Haka kan kowane ƙwai ya dubi arewa maso gabas.

Ya yagi gefen wata tsohuwar kalanda, ya ɗora robar ba tare da ya duba ba, ya zagaya da fensir. Ya ɗaga. Karkatar nan ce dai, irin ta cikin kwamfuta.

A haka matarsa ta same shi, zaune a kan buhun tsofaffin jaridu.

"Baban Auta, me kake yi a cikin ƙura? Tun ɗazu na ga fuskarka ta canza."

Ya miƙa mata robar. Ta juya ta a hannu, ta gane ta, don ya sha ba ta labarinta yana dariya. Ya yi mata bayani a taƙaice. Ta jingina da ƙofa.

"Tauraruwar da yarinyar nan ta yi shekara huɗu tana bi," ya ce, "ga ta nan a hannunki."

"To sai ka faɗa mata."

"Kwana tara fa ya rage. Farfesa ya karanta ya yaba. Hotunan sun lalace. Abokan aikina rabi sun rasu. In na mayar da wannan cikin gwangwani, wa zai sani?"

"Kai."

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma ita ma wata rana," ta ci gaba. "Yau ko shekara goma, wani zai ɗora irin wannan robar a kan taswirar, a lokacin sunanta ya riga ya fita. Gara ta ji daga bakinka a teburin gidan nan, inda in ta yi kuka ni kaɗai zan gani."

"Kin ga abin da ta rubuta a shafin farko kuwa?"

"Ta nuna min tun makon jiya. Shi ya sa na ce ka faɗa mata."

Haushinta ya ji, don ya so a ce ta ba shi mafita. Amma a ƙarƙashin haushin ya san ya yi dacen mata. Shekara arba'in da uku suna tare, ba ta taɓa taya shi yaudarar kansa ba.

Da yamma Auta ta fito ta zauna gaban taswirorin tana gyara wasu alƙaluman lissafi. Ya jawo kujera kusa da ita. Ya shirya jawabi a ransa, amma da ya buɗe baki ba abin da ya fito. Sai kawai ya ɗora robar a kan fallen, ya zame ta har rami na uku ya hau kan wani tafki. Layin tawadar ya bi gefen ramin ko'ina, ba ragi ba ƙari. Ya matsa zuwa wani tafkin, rami na biyar. Ya matsa zuwa wani, rami na ɗaya.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta karɓi robar ta gwada da kanta, tafki bayan tafki, falle bayan falle. Ta ɗaga ta sama ta ƙirga ramukan da yatsa.

"Babi na huɗu," ta ce a hankali.

Ya gaya mata komai, yadda ya kawo ta, yadda ake riƙe ta, dalilin karkatar. Bai rage wa kansa laifi ba.

"Baba, taswira ce fa!" Muryarta ta tashi. "Mutane sun yarda da ita! Ni na yarda da ita! Na tsaya gaban mutane a taro biyu ina cewa babu kuskure a ma'aunin nan, don na san wanda ya zana!"

"Haka ne."

"Ku ba ku taɓa tunanin wani zai zo ya buƙaci ainihin siffar ba?"

"Wallahi ban taɓa ba, uwata. Hanya da gada da iyakar gona muke kula da su. Tafki kuwa muna ganin in an nuna akwai ruwa a wurin, ya isa."

Ta kifa kai a kan tebur. Uwar ta zo ta tsaya a bayanta ta dafa kafaɗarta. Guguwa ya zauna yana kallon kofunan da ke danne da taswirar, yana jin kamar shi ne ya ɗauki shekara huɗun 'yarsa ya watsa a kwata.

Can ta ɗago, ido jawur. "Dukanku? Babu ko mutum ɗaya da ya bi gefen tafkin yadda yake?"

Ya buɗe baki zai ce babu, sai ya tsaya.

"Akwai falle masu lamba tara a cikin kayanki?"

"Akwai guda uku. Na cire su daga lissafi. Tafkunan ciki duk a mommotse suke, wani kamar wake, wani kamar tafin ƙafa. Na ɗauka mai zanen ne bai iya aiki ba."

Wannan magana ta fi duk faɗan da ta yi masa zafi, domin kusan kalmomin da shi ya taɓa rubutawa ke nan da hannunsa.

Lamba tara Bahago ne. Da hagu yake zane, kuma robar ƙwai ba ta karɓe shi ba, duk sanda ya gwada sai hannunsa ya shafe tawadar. Ya ajiye ta ya koma bin gefen kowane tafki ƙarƙashin gilashi, lungu-lungu, yana fito da harshe kamar mai zare ƙaya. Aka mayar da shi abin dariyar ɗaki, kuma Guguwa ne shugaban masu dariyar. Da aka ba Guguwa shugabancin ɗakin zane, sai ya rubuta a rahoton shekara cewa mutumin yana da jinkiri kuma layinsa ba shi da tsabta. Ya ƙwace wasu fallayen daga hannunsa ya raba wa masu sauri. Bahago ya yi ritaya a kan teburin da ya fara aiki, kuma tun ranar walimar sallamarsa ba su sake haɗuwa ba.

"Yana raye?" in ji Auta.

"Da ya rasu da na ji."

Washegari da safe suka hau motar haya zuwa ɗaya gefen gari. Sai da suka yi tambaya a shagon mai gyaran keke da wajen wata mai sayar da kayan miya kafin aka nuna musu wani tsohon bene. Hawa na biyu ne, matakala ashirin da biyu, kuma gwiwar Guguwa ta ƙirga kowacce. A baranda suka tarar da wani siririn tsoho da tabarau masu kauri kamar gindin kwalba, yana ba wasu shuke-shuke ruwa a gwangwanayen fenti, buta a hannun hagu.

Guguwa ya yi sallama. Tsohon ya karkata kai yana sauraron muryar, sai ya ajiye butar.

"Ikon Allah. Guguwa ce ke haki haka? Tun daga matakala ta biyar nake jin mutum yana hutawa, na ce wannan ko ni na fi shi sauri."

"Ni ne. Ga 'yata, autata."

Auta ta durƙusa ta gaishe shi. Ya shigar da su falo, ya kawo ruwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar jiya suka rabu. Guguwa ya kasa jira. Ya zayyana masa abin da ya kawo su, tun daga tauraruwa mai wutsiya har zuwa babi na huɗu. Da aka zo kan ramuka shida, Bahago ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya tuna da yarinyar ya kame bakinsa.

"Yi haƙuri, 'yata. Ba ke nake wa dariya ba."

"Na zo ne da abu biyu," in ji Guguwa. "Na farko, abin da na rubuta a kanka ƙarya ne. Layinka ne mai tsabta, namu ne na ƙarya. Na tare maka ci gaba a kan aikin da kai kaɗai ka yi shi daidai. Ka yafe min."

Bahago ya daɗe yana murza gemu. "Ya yi min ciwo a lokacin, ba zan ɓoye maka ba. Har na yi shekara biyu ba na bin layin gidanku. Amma kada ka mai da ni waliyyi. Da robar ta karɓi hannuna, da wataƙila ni ma na bi ku. Daga baya ne na fara jin daɗin abin. Kowane tafki da halinsa, in ka zauna da shi. Na yafe. Mene ne na biyun?"

"Falle uku kawai gare ta masu lambarka. Ko ka tuna wani abu game da sauran?"

Tsohon ya tashi ya shiga ɗaki, aka ji yana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ya fito da guntun bututun ruwa na roba, an toshe bakinsa biyu da tsumma.

"Ka tuna fallayen da ka karɓe? Na riga na gama bin tafkunansu da fensir a takarda shara-shara, tawada kawai ta rage. Ka ce in zubar a kwandon shara. Na ce to."

"Ba ka zubar ba."

"Wata huɗu na yi a kansu, Guguwa. Kai ma da ba ka zubar ba."

Suka ture kujeru, suka warware takardun a ƙasa a hankali, don sun yi rawaya sun bushe, gefensu na ɓarɓashi. Ga tafkunan nan, da fensir siriri da ya dushe, kowanne da kamanninsa. Auta ta durƙusa a kansu da rula da ma'aunin kusurwa, tana aunawa tana rubutawa a littafi. Tsofaffin biyu suka zauna suna kallonta, suna hirar waɗanda suka rasu. Fiye da awa biyu ba ta ɗago ba.

"Hamsin da takwas," ta ce daga ƙarshe, "ban da na falle ukun can. Kusan rabinsu suna da tsawo, kuma masu tsawon sun fi karkata waje ɗaya, amma ba inda na ce ba, sun fi kusa da arewa sak. Sauran ko'ina suka duba."

"Wato tauraruwar ce ko ba ita ba ce?" in ji Bahago.

"Ban sani ba, Baba. Bai isa in ce ita ce ba, bai isa in ce ba ita ba ce. Iska ma tana iya yin haka. Sai na je wurin na haƙa na ga abin da ke ƙarƙashi." Ta share gumi da bayan hannu, kuma a karon farko tun jiya fuskarta ta saki. "Amma waɗannan tafkunan gaske ne. Gobe zan je wajen farfesa in roƙi a ɗaga ranar. Zai yi faɗa, wataƙila in ƙara shekara. Robar nan kuma zan tafi da ita, babi guda zan yi a kanta, don ban san mutum nawa ne a duniya suke auna taswira irin tamu ba."

Ta juya ga mahaifinta. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Baba, jiya na ɗaga maka murya."

"Kin yi daidai."

"Inna ta ce min ka daɗe a ɗakin tarkace. Da ka mayar da ita cikin gwangwani, da na tsaya gaban mutane da ƙarya a hannuna ina alfahari. Na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinka. Na gode."

"Shafin farkon nan," ya ce, "ki cire sunana ki sa nasa."

"Nasa zai shiga, a sama. Naka kuma yana nan. Sai dai zan canza abin da na ce ka yi."

Ya gyaɗa kai kawai. Bai cancanci ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba, ya sani: yafiyar mutumin da ya zalunta, da bututun da aka ƙi zubarwa, da 'yar da ta gode masa a kan ya rushe mata aiki. Godiya ta cika masa ƙirji har ya rasa wa zai fara yi wa.

Saura matsala ɗaya. Auta ta gwada ɗaukar takardun hoto da waya, fensirin ya dushe da yawa, ba ya fitowa. Sa su a na'ura kuwa sai su ruguje. Dole a ɗora sabuwar takarda shara-shara a kan kowacce a bi layin da tawada. Idon Bahago ya tafi, ita kuma ba ta taɓa riƙe alƙalamin zane ba. Duka biyun suka juyo suna kallon Guguwa.

Ranar Talata ya dawo da sababbin takardu da tawada da tsohon alƙalaminsa da ya kwana biyu a jiƙe. Suka jawo tebur mai saman gilashi zuwa bakin baranda inda haske yake, suka sa fitila a ƙarƙashi. Ya zauna, ya ɗora gilashin ƙara girma a kan tafki na farko, ya fara bi. Bai taɓa sanin gefen tafki yana da wannan yawan magana ba. Nan ya shiga, nan ya fita, nan ya yi kamar zai miƙe sai ya fasa. Wuyansa ya ƙage, idonsa ya yi ruwa. Minti ashirin da biyar ya ɗauka, shi da ke gama tafki kafin a ɗaga kofin shayi. Ya ɗago yana jiran yabo.

Bahago yana zaune a gefe, ido a lumshe.

"Ka yi sauri," ya ce.

"Haba! Ko gani ba ka yi ba."

"Ina jin alƙalamin. Wannan na kusurwar hagu ne, ko? Ta yammacinsa akwai wani ɗan lungu, ina jin nan dabbobi ke sauka shan ruwa. Ban ji ka tsaya a wurin ba."

Guguwa ya mayar da gilashin ya duba. Lungun yana nan, ɗan mitsitsi, a fensirin da ke ƙasa. Nasa layin ya wuce ta kansa sumul, ya zagaye shi kamar gefen ƙwai.

Ya cire takardar ya ajiye gefe, ya ɗauko sabuwa ya shimfiɗa.

"Saura hamsin da takwas," in ji Bahago.

"Na ji. Matso kusa ka riƙa saurare."